Kashin Kaji da Kwalaben Leandro

Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna cewa, "Fina ki aure shi mana, me kike jira, mutum da motarsa da gonarsa," ina gaishe ku da kyau. Ku gyara zama. In kun gama jin abin da ya same ni a 'yan makonnin nan, duk wadda har yanzu take sonsa ta turo min adireshinta, ni da kaina zan ɗaure shi da igiya in aiko mata.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, sunana Delfina Roybal, amma Fina kowa yake ce min. Gidanmu yana wani ƙauye sama da garin Española, gidan laka ne mai rufin kwano, da jeren busasshen barkono rataye a bakin ƙofa tun na bara. Mu uku ne a ciki: ni, Mama, da Kaka Sinforosa wadda ta haifi babana. Tun da babana ya rasu gonar bayan gida take kwance, ruwan magudana yana bi ta gefenta yana wucewa ba mai tare shi. Ƙanin babana, Baffa Fermin, gidansa yana gaba da namu, amma cikinsa a gidanmu yake da zama.

Kaka masaƙiya ce. Babu gidan da za ka shiga a ƙauyenmu ba ka ga bargonta a kan gado ko a jikin bango ba. Yanzu sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, ko cokali sai ta haɗa hannu biyu take ɗagawa. Abu ɗaya ne yake sassauta mata: a jiƙa ganyen wiwi a cikin sifirit, a bar shi ya tsumu, a riƙa shafa mata. Haka uwarta ta yi tun zamanin da ake ɓoye kwalbar a bayan hoton waliyyai. Yanzu doka ta yarda kowane babba ya shuka guda shida a gidansa. Ranar da na shiga shagon da ake sayar da ganyen na ji farashi, da baya-baya na fito, kamar wadda ta faɗa gidan da ba nasu ba. Ni da nake aikin karɓar kuɗi a gidan mai, ina zan iya? Sai na ce zan shuka da kaina.

Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba.

Wata abokiyar aikina ta ba ni dashe shida. Na samo bokitan fenti, na wanke, na huda gindinsu da ƙusa, na cika da ƙasar bakin magudana, na jera su a bayan ɗakin kaji na kewaye da waya na sa kwaɗo. Da farko sun yi kyau har ina ɗaukar su hoto. Da aka shiga watan Yuli sai ganyen ƙasa ya fara komawa ruwan ɗorawa yana zubewa. Na duba a waya, kowa ya ce yunwa ce, a sayi takin kwalba kaza da kaza. Na ga kuɗin kwalaben na kashe wayar.

Daga nan na zama bola mai tafiya. Diddigar kofi ta gidan mai, ni ke kwashewa a leda. Ɓawon ƙwai in busar in daka. Ɓawon ayaba in jiƙa a tulu har ya yi baƙi. Tokar murhun Kaka ma ban bari ba. Motata ta koma warin da ko ni sai na sauke gilashi.

"Na haifi 'ya, na kai ta makaranta, ta ƙare a tsince-tsincen shara," in ji Mama, ranar da ta kama ni ina zaro ɓawon ayaba daga kwandon kicin. "Kuma duk saboda me? Saboda ganyen 'yan iska."

"Maganin surukarki ne."

"Surukata tana da likita. Ke kuma kina da wanda yake son ya fitar da ke daga wannan ƙazantar, kin tsaya kina masa kallon hadarin kaji."

Leandro Salazar ke nan. Ya girme ni da 'yan shekaru. Yana da lasisin noman wiwi na sayarwa, da rumfunan leda reras a hanyar Española, da shagon taki a cikin gari. Baffa Fermin ne ya fara kawo shi gidanmu a farkon bazara, wai ya zo ganin tsohuwar masaƙar Kaka. Tun daga ranar ya mayar da Lahadi ranar cin abincinsa a teburinmu.

Lahadin da nake son ba ku labari, tun kafin mu tafi coci Mama ta ɗora wake, ta kwaɓa fulawar tortiya, wato gurasarmu, ta fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Ta ajiye min doguwar riga mai ruwan ƙasa a kan gado, wadda take matse ni a hammata, da 'yan kunnen azurfa na aurenta. Da muka dawo na cire rigar na sa tsohon wandon jins da rigar aikina mai tambarin gidan mai. Da ta gan ni sai da ludayi ya kusa faɗuwa daga hannunta.

"Koma ki canza."

"Zafi nake ji."

"Za ki ji zafin da ya fi wannan."

Ba ta samu ta ƙarasa ba, ƙarar motarsa ta cika tsakar gida. Baƙar akori-kura ce mai tsayi, sai ka yi tsalle kafin ka hau. Ya fito da farar riga an goge ta har tana yanka ido, da takalman kaboyi masu tsini, da bel mai ƙaton kan azurfa. Turarensa ya riga shi shigowa. Ya sunkuya ya sumbaci hannun Kaka, ya miƙa wa Mama kwalin kek, ya ba Baffa hannu. Ni kuma ya ajiye min wani kwali a gabana, da jan zare an ɗaure.

Na buɗe. Kwalaben taki ne, manya da ƙanana, masu launi-launi, irin waɗanda na gani a waya.

"Wasu furanni suke kawowa," na ce.

"Wasu furanni suke so," ya ce. "Ke na ji an ce shara kike bi."

Baffa ya fashe da dariya har wake yana fita daga bakinsa. Na juya na kalli Mama. Ta ɗauke kai tana gyara faranti. To, na san bakin da ya kai labarin.

Aka ci abinci. Ni dai juya cokali nake yi. Baffa yana ta zuba: yadda ruwa ya yi tsada, yadda gonar da ba a nomawa take zama asara, yadda Leandro yake neman inda zai faɗaɗa aikinsa. Kaka tana ta fama da tortiya da yatsunta, ni nake yayyaga mata ƙanana. Ruwa dai ba ya tsami banza, na faɗa a raina. Duk wanda ya auri jikar Sinforosa Roybal, rabon ruwanmu na magudana ya aura, wato haƙƙinmu na tare ruwan mu shayar da gona.

Bayan abinci ya ce yana son ganin shukokin. Na ce a kulle suke. Mama ta miƙe ta ɗauko makullin daga inda nake ɓoyewa, cikin tsohon gwangwanin shayi, ta danƙa masa. Haka muka bi shi ɗuu zuwa bayan gida kamar masu raka amarya.

Ya tsugunna, ya juya ganye, ya cusa yatsa a ƙasa ya shinshina. Sai idonsa ya faɗa kan buhun da na jingina da bango.

"Mene ne wannan?"

"Kashin kaji. Na gidanmu. Kyauta."

"Na yaushe?"

"Jiya na share."

"Kada ki zuba musu. Ɗanye ne, zai ƙone su. Sai ya kwana biyu yana ruɓewa, wata da watanni. Ɓawon ayabar nan da ƙwan nan kuma, ba laifi ba ne, amma kafin su narke su zama abinci an gama damina. Ki yi amfani da abin da na kawo, kaɗan-kaɗan, na rubuta miki a jikin kowace."

Da a hankali ya faɗa, tsakanina da shi, wataƙila da na ji. Amma a tsaye ya faɗa, hannu a ƙugu, yana kallon Mama da Baffa kamar malamin da yake nuna wa iyaye daƙiƙin aji.

"Mai shagon taki ya ce takin kyauta ba shi da kyau," na ce. "Abin mamaki."

"Fina," in ji Mama.

"A'a Mama, ki bar ta," ya ce yana karkaɗe gwiwar wandonsa. "Shukarta ce. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho."

"Ka kwashe kwalabenka."

"Kyauta ba ta komawa."

Da yamma ina shanya farantai saƙonsa ya shigo.

"Da gaske nake. Kada ki zuba."

Na rubuta: "Ka kula da rumfunanka."

"Taurin kai ba taki ba ne."

"Kuɗi ma ba hali ba ne."

Ya turo fuskar dariya. Wannan fuskar ce ta ƙarasa ni. Na ajiye waya, na tafi bayan gida, na ɗaga buhun nan na zazzaga wa kowane bokiti son raina, na bi da ruwa. Kwalinsa kuma na tura ƙarƙashin gado da ƙafa.

'Yan uwa, kada ku yi min dariya. Ko ku yi, na cancanta.

Kwanakin farko har na fara shirya baƙar maganar da zan tura masa, don ganyen ya yi kore shar, kore mai duhu. Sai bakin ganyen ya fara lanƙwashewa ƙasa kamar farcen shaho. Sai tsinin ya ƙone ya koma ruwan ƙasa. Kafin wata Lahadin uku sun sunkuyar da kai, in ka taɓa ganyen sai ya ruguje a hannunka. Sauran ukun suna tsakanin rai da mutuwa.

Na tsugunna a gabansu da safe kafin in tafi aiki, ƙudaje suna ta bin bokitan. Ban ji zuwan Mama ba sai muryarta.

"Sannu manomiya."

Ban ɗago ba.

"Mutum ya zo har gida ya faɗa miki, da bakinsa, a gaban manya. Kin fi ƙarfin a gaya miki. Halin ubanki ne sak, shi ma haka ya yi ta dukan ƙasar nan har ta cinye shi, bai bar mana komai ba sai ciwon baya da wannan gidan da yake yoyo."

"Kada ki sa Baba a ciki."

"Zan sa. Ni na zauna da shi, ba ke ba. Kina tsammani ina son in mutu ina wanke zanen gadon otal? Ga ƙofa Allah ya buɗe, kin tsaya a bakinta da buhun kashin kaji."

Baffa ya leƙo ta saman waya, da kofin kofinmu a hannunsa. Ya kalli bokitan ya yi fito.

"Kai, 'yata, ko fari ba sa yin wannan ɓarnar. Da 'yan sandan da can masu ƙona wiwi sun san ki, da ke za su ɗauka aiki."

Abin da ya fi ci min rai ba su ba ne. Kwalbar maganin Kaka ta kusa ƙarewa. Da yamman nan da nake shafa mata, sai da na karkata kwalbar kafin ya ɗigo. Ta kalli kwalbar, ta kalle ni. Yatsunta sun kumbura har zoben aurenta ya nutse.

Washegari da na tashi daga aiki na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado, na jefa a bayan tsohuwar akori-kurar Baba, na kama hanyar rumfunansa. Na gaya wa kaina mayar masa zan yi. Gaskiya kuwa tambaya zan je yi, ban dai san ta inda zan fara ba.

Na same shi a bakin rumfa, ba farar riga ba turare, singileti ce a jikinsa duk gumi da ƙasa. Ta ƙofar na hango nasa shukokin, sun fi ni tsayi, kore har yana ɗaukar ido. 

Na dire kwalin a gabansa. Ya kalle shi, ya kalle ni.

"Nawa suka mutu?"

"Wa ya ce maka sun mutu?"

"Fuskarki."

"Uku."

Na jira ya yi dariya. Na riga na tanadi abin da zan ce in ya yi. Bai yi ba, ya goge hannu a wando.

"Ki kwashe na saman ƙasar duka. Ki yi ta kwarara musu ruwa zalla har ya riƙa fita ta ƙasan bokiti, ki bar su su tsane. Kada ki ba su komai sai sabon ganye ya fito. In ba kya son kwalabena, ki je garken awakin da ke bayan coci, ki tono tsohon kashi na can ƙasa wanda ya zama kamar ƙasa, ba ya wari. Ki barbaɗa kaɗan. Wannan ma kyauta ne, tunda kyauta kike so."

"Me ya hana ka faɗi haka ran Lahadi?"

"Kin bar ni na kai nan?"

"Ka tsaya kana nuna wa Mama kai gwani ne."

"Ke kuma kin tsaya kina nuna mata ni ɓarawo ne."

"To ƙarya na yi? Ka ɗauka ban san abin da yake kawo ka gidanmu ba? Ba wakenmu ba ne, ba kuma ni ba ce. Ruwan Kaka kake so. Ka ga gona kwance, ka ga tsohuwa, ka ga yarinya mai aikin gidan mai, ka ce ga banza ta faɗi."

Nan fuskarsa ta canza. Ya sha toka, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni na nemi ruwanku?"

"Wa ya nema?"

"Ina zaune a shagona baffanki ya shigo. Ban san shi ba, ban san ƙauyenku ba. Ya ja kujera ya ce akwai rabon ruwa mai kyau, tsoho, wanda ba ya yankewa ko a shekarar fari. Na ce nawa. Ya ce ba a maganar kuɗi tukuna, in zo in ga wurin. Yana miƙewa sai ya ce, akwai kuma yarinya a gidan, ba ta da kowa, in mun daidaita ita ce gyara."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi daga ka har ƙafa.

"Gyara."

"Kalmarsa ce, ba tawa ba."

"Kai kuma ka ji an ce gyara ka wanko ƙafa ka zo."

"Na zo ganin ruwa. Na tarar da wata a bayan ɗakin kaji tana zagin bokiti da sunan uwarsa. Ruwan na gan shi sau ɗaya ya ishe ni. Me kike tsammani yake mayar da ni duk Lahadi, in zauna ina kallon baffanki yana tauna?"

"Kada ka soma."

"Ban soma komai ba. Kin ce ni ɓarawo ne, na gaya miki wanda ya buɗe ƙofar."

Na juya na shige mota. Ya ɗaga murya yana cewa in ɗauki kwalin. Na ja motar da ƙarfi har ƙura ta rufe shi da kwalin nasa.

Rana ba ta faɗi ba na iso gida. Na same su a inuwar baranda: Mama tana gyaran wake a tire, Baffa ya miƙe ƙafa a kujerar Baba, Kaka a kujerarta mai lilo da bargo a cinya duk zafin nan. Ko makullin mota ban ajiye ba.

"Baffa, nawa ka yi min kuɗi?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Wace irin gaisuwa ce wannan?"

"Au, na manta. Ba a yi min kuɗi ba. Gyara ce ni. Ka je shagon mutum ka tallata ruwan Kaka, ka ɗora 'yar wanka a sama kamar ƙarin tumatir."

Tiren Mama ya tsaya cak. Baffa ya tashi zaune, yana 'yan kame-kame.

"Ji min yarinya. Wasa ne irin na maza, shi ne ya kwaso ya kawo miki? Eloisa," ya juya wajen Mama, "kina jin 'yarki?"

"Fina, ki iya bakinki," in ji Mama, amma muryarta ba ƙarfi, kuma ba ta kalle ni ba.

"Kin sani ke nan."

"Na san ana neman miki rufin asiri."

Na wuce su na durƙusa a gaban Kaka. Wallahi har lokacin ina ganin ni da ita ne a gefe guda. Ita ta goye ni lokacin da Mama take aikin kwana. A gindin masaƙarta na koyi tafiya. Saboda hannunta na zama abin dariya a ƙauye.

"Kaka, kin ji abin da ɗanki ya yi? Ruwanki ya kai kasuwa ba da saninki ba."

Ta daina lilo. Ta dube ni da idanun nan nata da ba sa ƙiftawa.

"Wa ya ce ba da sanina ba? Ni na aike shi."

Na zuba mata ido, ta ci gaba.

"Sai dai Fermin jaki ne, ko saƙo bai iya kaiwa ba. Ban ce masa ke ce gyara ba. Ruwan Roybal ba na sayarwa ba ne, ba a taɓa sayar da shi ba. Cewa na yi ya nemo min mutumin da ya san ƙasa, wanda zai auri Fina. Wanda ya aure ki, ruwan ya biyo ki. Ruwan ne gyara."

"Ashe ni ce hajar."

"Kira shi abin da kika ga dama."

"Inna, ai kusan duk ɗaya ne," in ji Baffa.

"Rufe min baki. Kai da za ka sayar wa masu gina gidajen hutu kafin ƙasar kabarina ta bushe, ka ɗauka ban sani ba?" Ta dawo da kallonta kaina. "Gonar nan tun rasuwar ubanki ba ta sha ruwa ba. Ruwan da ba a amfani da shi, wata rana za a ce ba ma buƙata, a karɓe. Kakannina ne suka haƙa magudanar nan da hannu. Na zuba miki ido bana, na ce bari in gani ko jinin yana jikinki. Shuka shida, a bokiti, a inuwa, kin kashe rabi. Ke zan bar wa gona?"

"Saboda ke na shuka su."

"Na sani. Kuma na gode. Amma ƙasa ba ta san godiya ba."

Ban yi kuka a gabansu ba, wannan kaɗai nake alfahari da shi. Na shiga ɗaki na zuba kayana a jaka, kayan aiki da 'yan kunnen da na saya da kuɗina, na bar na Mama a kan gado tare da rigarta mai matse hammata. Na zagaya baya na buɗe kwaɗo. Na kwashe kashin kajin da hannuna, na ɗauko bokitai ukun da suke da sauran rai ɗaya bayan ɗaya na ɗora a bayan mota, na rufa musu tsohon zanen gado.

Mama ta biyo ni har bakin mota.

"Ina za ki da yamman nan? Ki bar abin kunya, maƙwabta suna kallo."

"Su kalla. Haja ce ta fita yawo."

"In kin fita kada ki ce zan neme ki."

"Ban ce ba."

Kaka ba ta taso ba. Ta madubi na hango ta, ta ci gaba da lilonta.

Sai da na hau kwalta na tuna ba ni da wurin zuwa. Abokiyar aikina ɗaki ɗaya take haya a bene, mai gidan ko tukunyar fure bai yarda a ajiye ba. Ni zan iya kwana a kujerarta, shukokin fa? Suna buƙatar ruwa mai yawa yau ɗin nan, da wuri mai kulle, da rana. A duk faɗin kwarin nan wuri ɗaya na sani mai waɗannan ukun. Na tsaya a gefen titi na daki sitiyari har hannuna ya yi zafi. Sannan na kunna mota.

Yana nan inda na bar shi, ya sa riga, ya buɗe ƙofar shingen gaba ɗaya. Na fito ban gaishe shi ba.

"Ka saurare ni da kyau. Zan ajiye su a bayan shingenka, ba cikin rumfarka ba. Ni zan riƙa zuwa ina ba su ruwa. Ba na son kwalba ko ɗaya. Kuɗin wurin zan biya da aiki, shara ko wanke bokitai, duk ranar hutuna. Kuma ranar da ka buɗe baki ka yi min maganar aure, ko ta Lahadi, ko ta ruwa, a ranar zan kwashe su ko da a titi za su mutu. Babu wanda ya san na zo nan, kuma ba na son kowa ya sani."

Ya sosa ƙeya. Karon farko da na ga ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na ji. Amma kafin ki sauke, gara ki ji daga bakina, kada gobe ki ce na ɓoye."

Na riga na rungumo bokiti na farko, ƙasa tana zubo min a riga.

"Kakarki ta sa mamanki ta kira ni, kina fita. Ta ce in buɗe ƙofa in jawo tiyo, kina tafe da bokitai uku. Ta ce za ki tsaya a hanya ki yi fushi tukuna, kada in damu, za ki iso."

Na kalli gefen shingen. Ya share wuri, ya jera bulo uku, tiyo yana kwance ruwa yana tsiyaya daga bakinsa.

Na tsaya da bokitin a ƙirjina. Nauyinsa yana tsinka min hannu, ban sauke shi a kan bulon ba, ban kuma mayar da shi mota ba.